Tambaya kan mutum-mutumin Buda a wurin ibadar wani ƙauyen Tailan

Ɗalibar Zane (Unguwar Sarki):

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. An ba mu aikin aji a darasin tarihin zane da sassaƙa, an ce kowa ya ɗauki aikin wata al'umma ya kwatanta shi da na Nok, wato tsohuwar sassaƙar yumɓun nan da aka fara tonowa a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, kudancin Kaduna. Ni na faɗa kan na mabiya addinin Buda. Hotuna 14 ne a hannuna, na wani wurin ibada a ƙauyen arewacin Tailan, yayana ne ya turo min su ta WhatsApp, shi ma ɗauka kawai ya yi.

Ga inda kaina ya ɗaure. Babban mutum-mutumin yana zaune ya tanƙwashe ƙafafu, hannunsa na dama ya zubo ta kan gwiwa yatsun suna taɓa ƙasa. A wata rumfa akwai ƙanana guda takwas a jere, wani tsaye, wani kwance, kowanne da kwanon sadaka a gabansa. Akwai mai ƙaton tumbi, akwai mace tana matse gashinta, akwai wanda maciji mai kai bakwai ya yi wa laima. Duk Buda ne? Sannan ɗakuna biyu na gani masu kama da juna, ƙaramin a kulle, an kewaye shi da wasu duwatsu masu siffar ganye. Kuma da me ake yin su, zinariya ce da gaske? Ranar Laraba zan gabatar.

Malam Na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki fara da hannu, ki bar fuska tukuna. Fuskar kusan iri ɗaya ce duk inda kika je, ido a runtse rabi yana kallon ƙasa, don ba a so ta nuna komai sai natsuwa. Labarin a hannu yake. Suna kiran yanayin hannun mudra, kuma kowane ɗaya nuni ne ga wani lokaci a rayuwar mutumin.

Babban da kika gani shi ne mafi yawa a Tailan. A ruwayarsu, daren da Siddatta Gotama, wato Buda kansa, ya zauna yana neman wayewa a gindin bishiya a Bodh Gaya, cikin jihar Bihar ta Indiya a yau, yana da shekara 35, wani mai fitina da suke kira Mara ya zo da rundunarsa ya ce masa: wa zai shaide ka a kan ka cancanci wannan mazauni? Sai ya miƙa hannun dama ya taɓa ƙasa, wato ƙasa ce shaidata. Matar da take matse gashi ci gaban wannan labari ne. Ita ce ƙasar a siffar mace, mutanen Tailan suna ce mata Mae Torani. Al'adarsu ce idan mutum ya yi sadaka ya tsiyaya ruwa a ƙasa. Suka ce duk ruwan da ya tsiyaya a rayuwarsa ta baya gashinta ya riƙe, da ta matse sai ya zama ambaliya ya kwashe rundunar Mara. Shi ya sa za ki same ta ko dai a gindin babban mutum-mutumin, ko kusa da famfo ko tafki. A Tailan, Lawos, Kambodiya da Miyanma aka fi saninta.

Sauran hannuwan a taƙaice. Tafi biyu a kan cinya, na dama bisa na hagu: zurfin tunani. Hannun dama a ɗage daidai kafaɗa, tafin yana kallonki: kada a ji tsoro, ko a dakata. Hannu a sake ƙasa tafin a buɗe: kyauta. Babban yatsa da manuni sun haɗu sun yi zobe: koyarwa. Idan hannu biyu ne a ƙirji duk sun yi zoben, wannan huɗubarsa ta farko ce a Sarnat kusa da Baranasi, wadda ya yi wa abokansa biyar, kuma yawanci za ki ga an zana ƙafar keke da barewa biyu a ƙasansa, don a dajin barewa aka yi ta.

Guda takwas ɗin nan na ranar haihuwa ne. Kamar yadda muke da Ɗanladi da Talatu da Balarabe, mutumin Tailan ya san ranar da aka haife shi, kuma a kwanon ranarsa yake jefa sadakarsa. Na Lahadi yana tsaye ya ɗora hannu kan hannu a ƙasan cibiya, ido buɗe, yana kallon bishiyar da ya zauna a gindinta. Na Litinin yana tsaye ya ɗaga hannun dama, ranar da ya shiga tsakanin danginsa da suke shirin yaƙi kan ruwan noma na kogin Rohini. Na Talata yana kwance. Na Alhamis zaune cikin tunani. Na Juma'a ya rungume hannu a ƙirji, yana nazarin ko mutane za su fahimci abin da zai faɗa. Na Asabar shi ne mai macijin. Laraba ce aka raba biyu, shi ya cika takwas: na safe yana riƙe da ƙoƙon bara, na dare yana zaune a daji ya sauke ƙafafu, giwa ta kawo masa ruwa, biri ya kawo masa saƙar zuma.

Macijin sunansa Mucalinda, sarkin macizai a wurinsu. Sun ce an kwana bakwai ana ruwa da iska, sai ya naɗe jikin Buda ya buɗe kansa kamar yadda gamsheƙa take yi, ya yi masa rumfa.

Mai tumbin kuwa ba Buda ba ne, kuma nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Mutum biyu ake yi da wannan siffa. Idan kansa ƙwal ne, cikin a buɗe, yana dariya, yana da buhu ko carbi, wannan Budai ne, wani ɗan zuhudu na ƙasar Sin da ya rayu wajen ƙarni na 10, shi ne ake gani a shagunan 'yan Sin. Idan yana da gashi gajere, mayafi ya rufe cikin, ya dafa tumbin da hannu biyu, wannan Sangkacai ne, ɗaya daga cikin almajiran Buda. Labarinsa shi ne kyawunsa ya sa ana ɗaukarsa malaminsa ne, sai ya mai da kansa mai ƙiba don a daina ruɗewa. A ƙauyen arewacin Tailan na biyun ya fi yiwuwa.

To ta yaya za ki gane Buda kansa? Littattafansu sun lissafa manyan alamomi 32 da ƙanana 80, amma masu sassaƙa kaɗan suke fitarwa. Tudu a tsakar ka kamar tukku, suna ce masa ushnisha, alamar cikar sani, a Tailan har da harshen wuta a samansa. Ɗigo tsakanin gira, wanda asalinsa farin gashi ne guda a nannaɗe. Gashin kai ƙanana-ƙanana duk sun murɗe dama, don sun ce da ya bar gidan sarauta yana da shekara 29 ya yanke sumarsa da takobi, abin da ya rage bai sake tsawo ba. Fatar kunne doguwa babu ɗan kunne, shaidar ɗan sarkin da ya cire kayan ado masu nauyi. Mazauninsa kuma furen lotus, wani ɗan ruwa mai kama da badonmu, sai dai shi yana tasowa sama da ruwan: daga taɓo ya fito amma taɓon bai ɓata shi ba. Wanda kika gani da kai a aske babu tudu, ya haɗa tafi yana gaisuwa, almajiri ne. Idan biyu ne a gefensa, Sariputta ne a dama, Moggallana a hagu.

Hajiya Barnawa:

Malam ya gama da hannu, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan ɗauki ɗakunan, don ba a fahimtar mutum-mutumin sai an san inda aka ajiye shi.

Ƙanwata, wurin ibadar ƙauye a Tailan, wanda suke kira wat, ba ɗaki ɗaya ba ne. Fili ne mai katanga, a cikinsa ake karatu, ake taron gari, ake ƙona gawa, a da ma nan ne kaɗai makarantar yara maza. Babban ɗakin da yake buɗe sunansa wihan, na jama'a ne, nan suke kai abinci su saurari wa'azi. Ƙaramin da kika gani a kulle shi ne ubosot. Duwatsun nan masu siffar ganye sunansu sema, ki ƙirga za ki samu takwas: kusurwa huɗu da tsakiyar kowane gefe. A ƙarƙashin kowanne an binne wani dunƙulallen dutse, na tara kuma yana binne a cikin ɗakin. Su ne iyaka. A cikin wannan iyaka kaɗai ake naɗa sabon ɗan zuhudu, kuma a nan suke taruwa duk bayan mako biyu, cikar wata da ɓacewarsa, su karanta dokokinsu 227. Karatun ba ya yiwuwa da ƙasa da mutum huɗu, naɗin kuma sai an samu aƙalla biyar. Ƙauyen da 'yan zuhudunsa biyu ne ko uku, dole ɗakin ya zauna a kulle mafi yawan shekara. A arewacin ƙasar akwai wuraren da ba sa barin mata su shiga shi sam. Duk ginin da babu sema a kewayensa, komai kyansa, ba ubosot ba ne, wannan ita ce hanyar rarrabewa mafi sauƙi a hoto.

Ki duba hotunanki ko akwai gini mai tsini a bayan wihan, kamar ƙararrawa a kife, babu ƙofa. Shi ne cedi. Ba a shiga, zagaya shi ake yi, kafaɗar dama tana wajensa. Ana rufe wani abu a cikinsa, ko abin da suka ɗauka ragowar jikin Buda ne, ko tokar wani babban malaminsu. Sai ɗan ƙaramin ɗakin littattafai, wanda ake ɗorawa kan dogayen ginshiƙai a tsakiyar tafki ko kan dogon tushen bulo. Ba ado ba ne, gara da tururuwa ake gudu, don a kan ganyen wani irin giginya suke rubuta littattafan. Sai bishiyar bodi, irin wadda Buda ya zauna a gindinta, da aka ɗaura wa ƙyallaye. Dangin ceɗiya da durumi ce, ganyenta ya fi kama da na durumi amma da dogon wutsiya a ƙarshe. Macizan da suka kwanto a gefen matakala da zakuna biyu na bakin ƙofa masu gadi ne. Babban mutum-mutumin yawanci gabas yake kallo, don sun ce gabas ya fuskanta a daren nan.

Abin da zai ba ki maki a aji shi ne wannan. Malamansu sun kasa abin girmamawa gida uku: ragowar jiki, wato abin da ke cikin cedi, abin da ya yi amfani da shi, wato bishiyar, sai abin tunawa, wato mutum-mutumi. Shi ne na ƙarshe a jerin, kuma shi ne na ƙarshe a tarihi. An yi ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa ba a sassaƙa siffarsa ba. A tsoffin sassaƙe-sassaƙen Sanci da Barhut a Indiya, inda ya kamata a gan shi sai ki ga kujera babu kowa, ko sawun ƙafa, ko bishiya, ko ƙafar keke. Sai wajen ƙarni na 1 miladiyya aka fara yin sa a siffar mutum, a wuri biyu: Gandara, yankin Feshawar a Pakistan ta yau, inda hannun Girkawa ya fito fili a naɗin mayafi da kwanciyar gashi, da Matura a arewacin Indiya, inda aka yi shi da jan dutse. Masu tonon tarihi suna kai farkon sassaƙar Nok wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ashe namu na Jaba ya girmi siffar Buda ta farko da ƙarnuka masu yawa.

Ƙarin bayani ɗaya a kan maganar Malam. A Tailan, Siri Lanka da Miyanma, in kin ga Buda to kusan kullum Gotama ne. A Sin, Koriya da Japan akwai wasu da ake yi da irin wannan siffa, kamar Amitaba, ko mai riƙe da tulun magani a hannun hagu. Kada ki ɗauki hoton Japan daga intanet ki karanta shi da ƙa'idar Tailan.

In akwai rubutu a gindin wani da lamba kamar 2510, shekarar da aka yi shi ce a lissafinsu. Ki cire 543, zai ba ki 1967. Sauran rubutun yawanci sunan wanda ya biya kuɗin ne da mamacin da ya yi wa sadakar.

Maƙerin Panteka:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya. 'Yata, zinariya zalla ba ta ƙauye ba ce. Akwai guda a Bankok, a Wat Taraimit, mai nauyin tan biyar da rabi, wanda aka lulluɓe da farar ƙasa aka manta, sai a 1955 ya suɓuce wajen ɗagawa, lulluɓin ya fashe aka ga abin da ke ciki. Saboda babu irinsa ne ya yi suna. Na ƙauye ɗayan uku ne: zubin tagulla, ko ginin bulo da shafe, ko itace. Na zamani kuma siminti ne da fenti ruwan gwal.

Zubin ba irin namu na tukunyar alminiyon ba ne da ake danna samfur cikin yashi. Na kakin zuma ne, irin na Ife da Binin. Ana fara gina ciki da yumɓu, yashi da ƙaiƙayin shinkafa, a bar shi ya bushe a inuwa. Sai a lulluɓe shi da kaki, kauri kamar milimita 3 zuwa 5 ga matsakaici. Kaurin da aka ba kakin shi ne kaurin da ƙarfen zai yi. A jikin kakin ake fitar da komai, ido, yatsu, naɗin mayafi, kowane murɗin gashi ɗaya bayan ɗaya. Sai a kafa ƙusoshi su ratsa kakin su shiga yumɓun ciki, a liƙa sandunan kaki da za su zama hanyar shigar ƙarfe da ta fitar iska. Shafen farko yumɓu ne mai laushi da aka dama da ruwan kashin shanu, shi yake kwafe ƙananan zane. A bi shi da yumɓu mai tsakuwa hawa-hawa, a ɗaure da waya. A kife shi, kai a ƙasa, a gasa har kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe tun yumɓun yana da zafi. In ya huce a fasa. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak.

Haɗin da aka saba kusan kashi tara jan ƙarfe ne, kashi ɗaya kuza. Na yanzu da yawa jan ƙarfe ne da tutiya, ya fi araha kuma ya fi ɗaukar ido. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, ana zuba haɗin a tsakanin 1100 da 1200. Lissafin maƙera: a auna kakin da aka ci, kowane kilo ɗaya a tanadi kilo goma na ƙarfe, rarar ta tafi a hanyoyin zubi. Ranar zubi biki ne a garin. Mutane suna rubuta suna a ɗan fallen tagulla su jefa a tukunyar narki, wasu mata har zoben zinariya suke cirewa su jefa. Manya ana zuba su gunduwa-gunduwa a haɗa, harshen wutar nan na ka daban ake yin sa.

Abin da ke ɓata zubi sananne ne. In danshi ya rage a yumɓu, ƙarfe yana shiga zai zama tururi, ko ya tarwatse ko ya bar ƙananan ramuka a jiki. In ƙusoshi sun yi kaɗan, da kaki ya fita sai cikin ya goce, gefe ɗaya ya yi kauri ɗayan ya huje. In ƙarfen ya fara hucewa ba zai kai ƙarshen yatsu da kunne ba. In an yi jinkiri tsakanin tukunya ta farko da ta biyu, sai layi ya fito inda suka haɗu ba su game ba, kuma daga nan yake tsagewa bayan shekaru.

Wanda ya fi mutum tsawo, yana manne da bango, kusan kullum bulo ne. Ana shafe shi da farar ƙasa da yashi, a haɗa da ruwan rake da ƙaron fata, ya yi kusa da yadda maginanmu suke ƙara makuba don shafe ya riƙe. Sai a bi shi da baƙin ƙaron wata bishiya hawa da yawa, a manna fallen zinariya a kan hawan ƙarshe tun yana ɗan kama yatsa. In ya jiƙe da yawa zinariyar ta nutse ta dushe, in ya bushe ta ƙi kamawa. Abin mamaki da wannan ƙaro, da danshi yake ƙanƙara, ba da rana ba. A hunturun Kaduna sai ya yi kwanaki yana danƙo, a watan Agusta kuwa ya kama lafiya. Ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Tabon da kike gani kamar ɓawo a gwiwa ko ƙirji, fallen zinariya ne da masu ziyara suke liƙawa da hannunsu. Na Mahamuni a Mandalay, a Miyanma, an liƙa har kaurin ya kai wajen santimita 15, jikin ya cuccure, fuskar kaɗai aka bari.

Lalacewa kuma yawanci daga gyara take zuwa. Danshi yana hawowa daga ƙasa da gishiri, farar ƙasa tana barinsa ya fita. Sai a zo a yaɓa siminti ko fentin mai, danshin ya rasa hanya, ya ci bulon daga ciki har shafen ya ɓantare fai-fai. Rodin da aka sa a wuya ko hannu yana tsatsa ya kumbura ya fasa wurin. Na itace gara ce take cinye cikinsa ta bar fatar zinariya a tsaye. Na tagulla in ya yi kore mai santsi lafiyarsa lau, kada a goge. In kore ne mai haske yana zuba kamar gari, gishiri ne yake cinsa, sai an kai shi busasshen wuri.

Don kwatancenki da Nok: shi yumɓu ne gasasshe, cikinsa rami, an huda ƙwayar ido, hanci da baki, hudar tana taimaka wa iska ta fita a wuta. Kansa babba ne, yakan kai kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na jiki. Na Buda da awo ake yi, tsawon fuska faɗin yatsa 12, tsawon jiki fuska tara ko goma, wato yatsa 108 ko 120. Ki leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu ki ga na Nok da idonki kafin Laraba.

Ɗalibar Zane (Unguwar Sarki):

Allah ya saka da alheri, Baba Malam, Hajiya, Baba Maƙeri. Na duba, duwatsun takwas ne, mai tumbin kuma yana da gashi. Saura biyu. A hoto na 11 akwai wani sabo da aka rufe wa kai da farin ƙyalle, an ɗaura farin zare daga jikinsa an ja shi ko'ina a ɗakin. Na biyu, wace kalma zan yi amfani da ita a gaban aji, gunki ko mutum-mutumi? A gida ma an tambaye ni ko bauta masa suke yi.

Malam Na Tudun Wada:

Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce. Wanda aka rufe wa kai ba a "buɗe masa ido" ba tukuna. A arewacin Tailan ana liƙe idon sabon da kakin zuma, a rufe kan da farin ƙyalle, a ja zare daga tsohon mutum-mutumin wurin zuwa gare shi, ya bi ta hannun 'yan zuhudu. Su kwana suna karanta masa tarihin Buda, kamar ana koya masa ko shi wane ne. Da asuba, lokacin da suka ce Gotama ya samu wayewarsa, sai a cire ƙyallen da kakin. A Siri Lanka ido ne abu na ƙarshe da ake zanawa, mai zanen yana juya baya ne ya duba madubi ya miƙa buroshi ta kan kafaɗa, don suna tsoron kallon farko, a fito da mai zanen an ɗaure masa fuska. Kafin wannan biki kayan shago ne, bayansa kuwa ba a miƙa masa ƙafa, ba a hawa sama da shi.

In kika tambayi malaminsu mai karatu, zai ce miki Buda mutum ne, ya mutu a Kushinagar yana da shekara 80, ba shi ya halicci duniya ba, kuma ba ya jin roƙo. Zai ce furen da ake ajiyewa don a ga yadda yake yaushi ne a tuna komai mai ƙarewa ne, fitila misalin sani, turaren tsinke misalin kyan hali, sunkuyawa uku kuma ga Buda, da koyarwarsa, da jama'ar 'yan zuhudu. In kika tsaya kika kalli manomin ƙauye kuwa, za ki ga yana roƙon ruwan sama, da lafiya, da cin jarrabawar ɗansa, yana alwashin abin da zai kawo in buƙata ta biya. A birnin Ciyang Mai na arewacin Tailan akwai mutum-mutumin da ake fito da shi a zaga gari kowace shekara gab da damina, don neman ruwa. Duka biyun suna nan a fili ɗaya, kuma wanda ya kawo ɗaya ya ɓoye ɗaya bai faɗi gaskiyar wurin ba.

Mu hukuncin sunkuya wa sassaƙe a addininmu ba ɓoyayye ba ne, kuma bayyana abin da wasu suka yarda da shi ba yarda ba ce. Albiruni, malamin nan Musulmi, ya rubuta addinan mutanen Indiya dalla-dalla wajen shekarar 1030, da bakinsu, bai ƙara musu ba bai rage ba. Shawarata, tunda darasin zane ne, ki ce mutum-mutumi duk inda kike maganar abin da hannu ya ƙera. Inda kika zo kan ma'ana ki riƙa cewa "a wurinsu" ko "sun ce". In an tambaye ki batun bauta, ki kawo maganar malamin da aikin manomin, ki bar aji su gani.

Hajiya Barnawa:

Abu ɗaya kafin ki buga hotunan. Kyamarar gaba ta waya tana juya hoto, dama ta koma hagu. Ki duba kafaɗa: a wanda yake zaune yana taɓa ƙasa, kafaɗar dama ce a buɗe, mayafin ya bi ta hagu, kuma hannun dama ne a ƙasa. Na kwance a gefen dama yake kwanciya, ya tallafe kai da hannun dama. In kin ga akasin haka, ko rubutun gindin ya koma baibai, ki juya hoton kafin ki sa masa bayani. Dama da hagun da Malam ya faɗa na almajiran nan biyu kuma na Buda ne, ba naki ba, don haka Sariputta zai fito a hagunki.